Kilomita Talatin da Biyu a Hanyar Affala

Masu karatu, ku bari in fara da ƙafafuna, tunda su anka kawo ƙara gidanmu.

Farce biyu sun fita a ta dama. Na babban yatsan hagu ya yi baƙi ƙirin, yana jiran ranarsa. Dugadugaina sun yi kanta har ba na jin ƙaya in na taka. Ni ce Rahinatu, shekarata ashirin da huɗu, malamar aji uku a wata lekol nan cikin Tawa. Ni ce kuma yarinyar nan da kuke gani da sassafe tana gudu bakin gudron, wato kwalta, da dogon wando da riga har gwiwa da ƙaramin hijabi, wadda wasunku ke rage gudun moto, wato babur, don su yaɓa mata magana. Na ji ku duka, ban dai tanka ba.

Bara na tahi Yamai na yi tseren kilomita ashirin da ɗaya, wanda ake ce ma rabin maraton. Na zo ta biyar cikin mata, awa ɗaya da minti arba'in da ɗaya. Bana na ce cikakken nake so, arba'in da biyu da 'yar ɗoriyarta.

Wanda bai taɓa gudu ba zai ce ai ninki ne kawai. Ni ma haka na ce ma Mushe Alhusaini, tsohon malamin wasanninmu na lise, wato sakandare, wanda ke tsara mini horo. Ya yi dariya har ta koma mishi tari.

"Rahinatu, a ashirin da ɗaya tuwon da kinka ci jiya shi ka kai ki. A arba'in da biyu, wajen kilomita talatin tuwon ya ƙare, jiki ya koma cin kansa. In ba ki koya mishi ci da sha bisa gudu ba, nan za ki zamna bakin hanya kina kuka."

Ya yago takarda daga littafin ɗalibai ya rubuta mini sati goma sha shida. Na manna ta a murfin akwatin kayana. Talata da Alhamis gudun sauri a filin wasa, Laraba da Juma'a sassarfa, Lahadi doguwar tafiya. Ashirin da huɗu, ashirin da shida, ashirin da takwas, sai sati guda na sauƙi. Na koyi tauna dabino ina gudu ba tare da na shaƙe ba. Na koyi shafa man kaɗanya duk inda riga ke guga. Na koyi rage sauri, wanda ya fi komi yi mini wuya. Yunwa kuwa, ko ƙanzon tukunya ba na bari. Lahadin da zan ba ku labarinta ita ce ta talatin da biyu, mafi tsawo a takardar, kuma ban taɓa taka talatin ba a rayuwata.

Doguwar tafiya ba a yin ta ba mai ruwa. Nawa mai ruwan shi ne Mansur.

Mansur na da shagon fotokopi da intanet kusa da tasha. Shekara biyu da sunka wuce karnuka uku sunka biyo ni bayan kasuwar dabbobi, shi ne ya tsaida motonsa ya kore su da duwatsu. Lahadin da ta biyo baya sai na gan shi a wurin da robar ruwa a hannu yana sosa ƙeya. Tun daga ranar yake bina a baya sannu-sannu, yana miƙo ruwa duk kilomita biyar, yana karanto mini lokaci. Da na dawo daga Yamai, shi ya wanke hotona babba ya kafa a shago. Manyansa sun zo gaisuwa da damina, an tsaida biki watan Fabrairu, wata biyu bayan gasar. Ina son sa. Na faɗa muku tun yanzu don kada ku ce na ɓoye.

Ranar Asabar bayan la'asar muna tsakar gida. Inna Raƙiya, mahaifiyata, na zaune kan tabarma tana dunƙula gabu, ganyen albasar nan da ake dakawa a shanya don miya, sana'ar da ta riƙe mu da ita tun rasuwar Baba. Ni kuma na tsoma ƙafafuna cikin bokitin ruwan gishiri ina duba littattafan 'yan ajina. Takalman guduna na kan katanga suna shan iska. Ƙamshin turare ya riga sallamar shigowa.

Yaya Hajaratu ce, babbar yayar Mansur, wadda ta raine shi. Shadda ruwan ƙwai ɗinkin Bamako, gyale mai duwatsu ya zamo kan kafaɗa ɗaya, awarwaro shida a hannun da ke riƙe da salula. Inna ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, Yaya ta dube ta, ta jawo kujerar roba ta zauna. Na fito da ƙafafuna na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da hanci.

"Inna Raƙiya, ni ba faɗa ya kawo ni ba."

Da na ji haka na san yau akwai aiki.

"Dibi ƙafafun ɗiyarki, don Allah. A'a, kada ki ɓoye su, miƙo. Wagga ƙafa za a sa ma lalle? Mai lalle ta aza shi bisa mi, ba farce?"

Inna ta yi 'yar dariyar dole. "Za su tsiro kamin lokacin."

"Farce shi tsiro. Mahaifa fa? Mace ta kwashi kilomita arba'in tana jijjiga cikinta, mi za ya saura a ciki? Mu gidanmu haihuwa muke biɗa, ba kofi ba."

Na ce, "Yaya, na je wurin likita. Ta auna ni, ta ce lafiyata lau, har takarda ta ba ni."

Ba ta ko waiwayo ba. "Kin gani? Ana magana da manya tana tsoma baki. Abin da gudu ke koya ma mace ke nan."

Ta latsa salularta ta ɗaga. Muryar wata mata ce daga gurup ɗin danginsu, tana dariya har tana shiɗewa, wai ta ga amaryar Mansur a hanyar Affala kamar zakara ya tsere ma wuƙa. Wata ta amsa wai ai a ranar biki ba sai an ɗauko mota ba, da ƙafa za ta kai kanta. Yaya Hajaratu ta bari munka saurara har ƙarshe.

"Wanga duk mai sauƙi ne. Kun san sunan da 'yan fadarsu ta hira sunka sa ma ƙanena? Mai Bidon, wai mai ɗaukar jarkar ruwa. Namiji da shagonsa da mutuncinsa, shina zaune ana shan shayi, a ce Mai Bidon miƙo kofi. Ashirin da ɗaya munka yi shiru, mun ce ƙuruciya ce. Yanzu an ce arba'in. Baɗi ɗari ke nan? Ku zaɓa mata, Inna, tunda ita ba ta san zaɓe ba."

Ta tashi, lemun da Inna ta zuba mata ko taɓawa ba ta yi ba.

Ƙarar awarwaronta na ɓacewa Inna ta juyo kaina. Dunƙulen gabun da ke hannunta ta matse har ya fito ta tsakanin yatsu.

"Kin ji daɗi? Cikin gidana anka zo anka auna mini ɗiya kamar tunkiyar kasuwa, ni ko ba ni da bakin ramawa, don gaskiya ta faɗa. Dibi wuyanki. Dibi ƙashin ƙirjinki. Mutane na cewa ba na ba ki abinci."

"Inna, saura sati bakwai kawai."

"Bara ma haka kinka ce."

Ta miƙe ta ɗauki muciya ta ture takalmana daga kan katanga. Ɗaya ya faɗa kan tokar murhu. Na ɗauko na kakkaɓe. Na shiga ɗaki na jawo salula.

Na rubuta: *Yayarka ta zo.*

Ya amsa nan take: *Na ji. Ki yi haƙuri sheri, masoyiyata.*

*Gobe 32. Kana zuwa?*

Ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Na ƙura ma salular ido har anka kira magariba.

*Biyar da rabi ina ƙofar gida.*

*Bidon biyu fa. Rana za ta yi zafi.*

*Na sani.*

*Lambar gasar ba ta fito ba har yanzu? Mushe ya ce Litinin ake rufe rajista.*

Sati uku ke nan da na ba shi katina na ɗan ƙasa da takardar likita, don a shagonsa ake ɗaukar hotonsu a tura Yamai.

*Na ce miki an gama komi.*

Babu 'yar zuciyar nan ja da yake sa mini a ƙarshen kowane saƙo. Na lura, masu karatu, wallahi na lura. Sai na ce ma kaina ai shi ma an ɓata mishi rai.

Da asuba na yi salla, na sha kunu rabin kofi, na shafa man kaɗanya, na zuba dabino bakwai a aljihun wando. Bidon ɗaya ruwa zalla, ɗaya na kaɗa mishi sukari da ɗan gishiri yadda Mushe ya koya mini. Ƙofar Inna a rufe take, na yi mata sallama ba ta amsa ba, alhali ina jin ƙarar carbinta.

Mansur na waje kan moto, da jakat ɗinsa baƙa. Ya ɗaure bidon biyun a baya da roba, ya sa salulata cikin jakarsa kamar kullum. Na ce ina kwana, ya ce lafiya. Shi ke nan.

Tsarin mai sauƙi ne: sha shida zuwa, sha shida dawowa. Na danna agogo munka kama hanya.

Goman farko daɗi gare su. Gari bai gama wayewa ba, iska na da sauran sanyi. Mun bar gidaje, mun shiga gonaki. An yanke hatsi, kara na tsaye, dammuna jibge bakin rumbuna. Can gaba tudun duwatsun nan baƙaƙe na Adar ya fara fitowa. Amalanken jaki biyu sunka wuce mu, mai na bayan ya ce, "Allah shi shirya," na ce amin a zuciyata. Ƙafafuna na sauka daidai, numfashina na tafiya da su. A biyar Mansur ya miƙo ruwa. A goma ya miƙo. A sha biyar ya miƙo. Amma lokaci bai karanto mini ba ko sau ɗaya, shi da ke cika mini kunne da "minti shida da daƙiƙa biyar, rage kaɗan." Sai ƙarar injin kawai a bayana.

A sha shida na taɓa kututturen wani babban gawo na juyo. Rana ta ɗago, ta dake ni a fuska. Zafin bayan damina kun san shi, mai ɗanɗanon tururi.

A ashirin na miƙa hannu. Bai matso ba. Na waiwaya na yi mishi alama, ya kau da kai. Na ce wataƙila bai ga agogo ba. Ashirin da ɗaya. Ashirin da biyu. Na ɗaga murya, "Mansur, ruwa!"

Sai ya ja moto ya wuce ni da gudu. Can gabana ya gitta shi a tsakiyar hanya, ya sauka, ya tsaya yana kwance robar bidon. Na ji sanyi a raina. Na iso ina haki na miƙa hannu.

"Hau mu tahi gida."

"Mi? Saura tara."

"Ashirin da ɗaya kinka saba. Kin yi ta, har kin ɗora biyu. Ya isa."

"Mansur, ba ni ruwa mu yi magana ina tafiya. In na tsaya ƙafafuna za su ɗaure."

"Kullum haka ne. Ƙafafunki, agogonki, takardar Mushe. Ni ina nake a ciki? Ni ne na baya, mai ɗaukar kaya."

"Wa ya sa ka? Kai ka zo da kanka da robar ruwa!"

"Na zo don na ɗauka wasa ne!" Jijiyar wuyansa ta tashi. Ban taɓa jin ya yi mini tsawa ba sai ranar. "Na ce yarinya ce, za ta yi ta gaji. Yanzu Mushenki na yawo shina cewa in kinka yi arba'in da biyu da kyau za a kira ki Yamai, daga can a fita da ke waje. Ni in zamna shago ina nuna ma mutane hoton matata? Kin san abin da nake ji a fada? Kin taɓa tambayata?"

A nan kam ya taɓa ni, don ban taɓa tambayarsa ba. Da ya tsaya a nan, wataƙila da na sassauta. Amma sai ya buɗe murfin bidon na farko, yana kallon idona, ya kifa shi.

Masu karatu, kun taɓa jin ƙarar ruwa na zuba kan busasshiyar ƙasa alhali harshenku ya manne da dasashi? Na yi tsalle zan kama, ya ɗaga hannu sama. Ya ɗauko na biyun, mai sukarin, wanda na tashi tun kafin kiran salla na kaɗa, ya tuttular. Jar ƙasa ta shanye shi nan take, sai wani baƙin tabo da ƙudaje sunka fara sauka a kai.

"To. Yanzu ko moto ko ƙishirwa."

Na tsaya ina kallon tabon da ruwan ya bari.

"Kuma ma gudun mi kike yi?" ya ce yana maida murfi. "Ban aika takardunki ba. Suna aljihun tebur tun ranar da kinka ba ni. Gobe a rufe. Ba ki cikin gasar, Rahinatu. Hau."

Sati uku. Sati uku yana zuwa zance ƙofar gidanmu, yana kawo mini kilishi, yana ce mini an gama komi.

Na dube shi sama da ƙasa. Kalmomi da yawa sun zo mini, waɗanda malamar makaranta bai kamata ta sani ba. Amma yawun faɗinsu ma babu.

Na ce, "Matsa mini."

"Za ki mutu a hanyar nan."

"In na mutu ka gaya ma 'yan fadarku sun huta."

Na kewaye moton ta cikin kara na ci gaba. Ya biyo ni kusan kilomita guda yana danna oda, yana kiran sunana, farko da faɗa, daga baya da lallashi, sannan da faɗa kuma. Ban waiwaya ba. Daga ƙarshe ya murɗa moto ya wuce ta gefena har iskarsa ta kaɗa mini hijabi. Ya tahi da salulata, da 'yan kuɗin kabu-kabuna, da komi. Na bi shi da ido har ya zama ɗigo.

Kada wata ta karanta wannan ta ce za ta kwaikwaye ni. Wauta na yi, na sani. Zuciya ce ta ɗauke ni, kuma zuciya kilomita uku kawai ta kai ni.

A ashirin da shida na sa dabino a baka, ya ƙi haɗiyuwa, na tofar. A ashirin da bakwai abin da Mushe ya faɗa ya same ni, tun ban kai talatin ɗin ba. Cinyoyina sunka zama kamar an cika su da yashi. Ɗan marakin ƙafar dama ya ƙulle, na ja shi, ya saki, ya sake ƙullewa. Gumi ya ɗauke. Sai na ji sanyi na bin bayana a tsakiyar wannan rana, tsigar jikina na tashi, na san wannan ba alheri ba ne. Wata motar kasuwa ta taho daga baya cike da mutane da awaki har bisa rufi. Na ɗaga hannu. Ba ta tsaya ba, sai wani daga sama ya yi ihu, "Mijinki ya koro ki?" Sunka kwashe da dariya, sunka bar ni da ƙura.

Na koma tafiya. Na koma jan ƙafa. Hanya ta fara yi mini rawa.

Kukan jaki ne ya sa na dubi hagu. Can ƙasan tudu, nesa da hanya kaɗan, mata na ɗibar ruwa a rijiya, jarkoki rawaya jere. Yadda na sauka tudun nan ban sani ba. Na dai ga kaina durƙushe gaban wata tsohuwar Buzuwa mai baƙin lulluɓi, shuni ya rine mata goshi.

Ta dube ni, ta dubi hanyar da na fito. Da Hausarta mai karye-karye ta ce, "Wa ke kora ki?"

Na girgiza kai.

"Ba kowa? To hauka ce."

Ta juya ta yi ma wata magana da yarensu, kalma ɗaya na kama, aman, ruwa. Anka miƙo ƙwarya. Na kafa kai, ban yi kurɓi uku ba ta fizge.

"Kaɗan-kaɗan! Raƙumi ce ke?"

Ta ba ni, ta amshe, ta ba ni, ta amshe, tana ta mita. Sauran ta kwara mini a ka ba tare da ta tambaye ni ba, ya bi ta cikin hijabi har gadon bayana. Matan sunka kewaye ni suna kallon wandona da takalmana, wata na rufe baki da gyale. Na zauna inuwar jaki har idona ya washe. Tsohuwar ta ciro wani dunƙulen cuku daga ƙullin zanenta ta gutsura mini, gishirinsa ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa.

"Uwarki ta san kina nan?"

"Ta sani."

"Ita ma ba ta da hankali."

Na yi mata godiya, ta kore ni da hannu kamar kaza.

Na hau tudu na koma kan hanya. Saura huɗu da rabi. Na ce in taka ɗari in yi sassarfa ɗari. Daga baya sassarfar ta zama ɗari biyu. Da na hango eriyar gari sai ƙafafun sunka tuna aikinsu, ba da kyau ba, amma sun tuna. Na shiga unguwarmu mutane na dawowa daga kasuwa, hijabina jiƙe, fuskata duk farin gishiri. A bakin lungunmu agogo ya yi ƙara. Talatin da biyu. Awa uku da minti hamsin da huɗu, har da zaman rijiya. Na dafa katangar maƙwabta na so in yi kuka, hawaye bai zo ba.

Motonsa na ƙofar gidanmu, bidon biyu rataye a baya.

Na shiga na ishe shi zaune kan benci, kai a ƙasa, kamar wanda anka zalunta. Inna na tsaye da hannu a ƙugu. Ta gan ni, ta yo kaina.

"Ke! Wane irin baƙin hali ne wanga? Yaro ya ce ki hau moto kin gaji, ki zage shi tsakiyar hanya, ki ce mishi ya tahi ba ki bukatarsa? Mutumin da za ya aure ki? Ni kinka..."

Ta tsaya. Ta matso har ina jin warin gabu a hannunta. Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske. Ta sa babban yatsa ta taɓa leɓena, ya fito da jini.

"Yaushe rabonki da ruwa?"

"Wasu mata sunka ba ni a rijiya."

"Rijiya? Ina wanda kinka kaɗa da asuba?"

Na dubi Mansur kawai.

Inna ta saki haɓata. Ta fita waje, muna jin ta tana ƙwanƙwasa bidon ɗaya bayan ɗaya. Ta dawo a hankali.

"Mansur. Ta shanye su?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Da kai nake."

"Inna, zubarwa na yi. Don ta haƙura ta hau ne. Ai ke ma ba ki son..."

"Kada ka sa ni ciki." Ba ta ɗaga murya ba, kuma na fi tsoron Inna in ba ta ɗaga ba. "Abin da ba na so, ni ke faɗa mata shi a cikin gidana. Kai ka kai mini ɗiya daji, ka zubar da ruwanta, ka baro ta cikin rana, ka zo ka zamna bisa bencina kana ba ni labari? Da ta faɗi can fa? Wa za ya gaya mini? Tashi."

"Inna, don Allah ki saurare ni."

"Aje mata salularta ka tashi."

Ya ajiye ta kan benci. A bakin ƙofa ya juyo ya dube ni, idonsa ja, na kasa gane ko kunya ce ko haushi. Munka ji tashin moto.

Na buɗe baki zan ce Inna na gode. Ta dangwara mini kwanon fura a gaba har ta fantsalo mini a wando.

"Kada ki yi mini murmushi. Ban kore shi don gudunki ba. Gudunki har gobe ba na son shi, kuma Yamai ba da yawuna ba. Sha."

Na sha. Na yi wanka a zaune don ƙafafuna sun ƙi lanƙwasuwa. Na kwanta kan tabarma na aza su bisa bango, na gaya ma Mushe Alhusaini komi a saƙon murya. Amsarsa ta zo bayan azahar, muryarsa cike da fushi. Ya yi mini faɗan ci gaba da gudu ba ruwa, faɗa sosai. Sannan ya ce, "Gobe sha biyun rana suke rufewa. Ki kawo mini katin da takardar likita yau, ni zan tura da hannuna. In babu su ba abin da zan iya, kuma sabon kati ba ya fita a kwana ɗaya."

Ban gama saurara ba wani saƙon ya shigo. Mansur.

Hoto ne. Katina da takardar likita a kan teburin gilashi, hannu mai awarwaro shida ya danne su.

*Suna wurin Yaya. Ta ce in kina so ki zo ki roƙa da bakinki. Dangi duk suna nan.*

Na karanta sau uku. Na dafa bango na miƙe. Na sa doguwar rigata mai ruwan toka, na zura babban hijabi, na tura kumburarrun ƙafafuna cikin silifas. Daga ɗakina zuwa ƙofar gida taku goma sha biyu ne, sai da na huta sau biyu.

"Ina za ki?"

Inna ce a bayana. Na miƙa mata salular. Ba ta karatun boko, amma hoton ta gane, ni kuma na karanta mata rubutun, ban rage ko kalma ba.

Ta daɗe tana kallon hannun nan mai awarwaro. Sannan ta wanke hannuwanta a buta, ta shiga ɗaki. Ta fito da babban mayafinta na zuwa biki, wanda rabon da in gan shi a jikinta tun sunan ɗan ƙanenta, ta yafa, ta sa takalmi.

"Ɗiyata ba ta roƙo a gidan kowa. Wuce mu tahi."

Zuciyata ta yi tsalle. Na kama hannunta, ta fizge.

"Ki ji ni da kyau tun ba mu fita ba, Rahinatu. Ni zan amso su." Ta ja ƙofa ta sa kwaɗo, ta ƙulle makullin a bakin zanenta. "Kuma in na amso, a wurina za su kwana."